Manomin da ke Littafin Hashimu

Kai Hashimu, wagga wace irin tambaya ce bayan tuwon dare? An kai ka jami'a ka koyi ilimin muhalli, ƙasa da ruwa da itatuwa, ka dawo kana tura mini littafi a hanci, wai ko na san manomin da ke cikin hoton. Ni na yi maka kama da mai duba hoto? Janye shi. Zauna nan, ƙannenka su yi shiru, in faɗa sau ɗaya.

Shekarar da 'yan sanda suka yi ɓarin wuta kan manoma masu kuka da madatsa a Birnin Tudu, bakin kowa ya mutu. Madatsar Bakolori ta tare gulbi. Ambaliyar da ke kawo wa fadama laka duk damina ta daina zuwa. Gonakin tudu kuma an baje su don aikin ban ruwa, har mutum ba ya gane inda ubansa ya yi noma.

A lokacin ne wani malamin jami'a, Malam Bube, ya iso da mota cike da ɗalibai 'yan shekarar farko. Abu ɗaya yake so: manomi guda ya buɗe baki ya gaya wa yaran abin da ya sami ƙasa. In bai samu ba, ya koma hannu wofi, manyansa su soke irin wannan fita, su ce ga shi nan, ba wanda ya koka.

Ya bi Maradun, aka ce masa lafiya lau. Ya bi Talata Mafara ranar kasuwa, aka ce masa sai godiya. A Morai wani tsoho ya ce shi bai ma ji an yi madatsa ba.

Ranar da za su koma, motar ta tsaya a bakin Bakura don a zuba mata ruwa. Can gefe, gindin wani kututture, ga mutum zaune shi kaɗai, riga duk ta koɗe. Jama'a na wucewa ta nesa da shi, ba mai ko ɗaga masa hannu. Ka san garin nan, gaisuwa sai ta kai ga kaji da awaki kafin a saki mutum. Malam Bube ya ga haka ya ce a ransa, wanga baƙin cikinsa ya yi nauyi har an ba shi wuri.

Ya je ya durƙusa ya gaishe shi. Sai da ya ɗaga murya, don kunnen mutumin ya yi nauyi. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina ƙoƙari, bai tsallake ko ɗaya ba. Mutumin ya dube shi kamar an miƙa masa ruwa da azumi.

"Ina aiki?"

"Aiki ya ƙare, Malam."

Sunansa kuwa ba ya fita daga bakina, kada ka tambaya.

Ya tashi ya shiga gaba, ɗalibai na biye da shi cikin fili fetal. Ya nuna inda gawo yake da, ya ce ganyensa ne takin gero, yanzu sai na buhu. Ya nuna inda tsamiyar gidan Liman ta tsaya, ya ce saiwarta ta fi reshenta tsawo, da ƙyar ta yarda ta faɗi. Ya tsuguna ya tona da yatsu masu baƙin farce, ya ce baƙar ƙasar sama kamar tsawon tafin hannu ce, an kankare ta an tura cikin kwari, jar da ta rage ba ta riƙe ruwa. Ya san gonar Ɗantala, ya san ta Bello mai rake, ya san inda aka tono kushewa aka mayar da ƙasa da sauri. Tun daga nan har kusa da Maradun, babu iyakar da ya manta.

Wata ɗaliba ta ce, "Baba, to wacce ce taka?"

Ya ce, "Duk sun bi ta hannuna, ɗiyata."

Malam Bube ya juya ga yaransa, ido ya ciko. Ya ce su rubuta, wannan shi ne manomi na gaskiya, wanda ya ɗauki gonar kowa tasa. Aka tsayar da shi da jar ƙasa a tafi, aka ɗauki hoto. Mutanen gari na tsaye daga nesa suna kallo, ba wanda ya ce uffan. An tambaye su ne?

Malam Bube ya koma da abin da ya zo nema. Ba a soke fitar ba. Ga shi har yau ana buɗe muku karatu da maganar mutumin nan, kuna haddacewa, ana ba ku maki. Kuma ba ƙarya a ciki, ko kalma ɗaya. Wa zai fi shi sani?

Mi kake kallona? Na san shi mana. Da gona ta tafi, na duba garin nan kaf, shi kaɗai ke da sana'a a hannu, na ce wa ubana shi nake so, aka yi wata ba a yi mini magana ba. Kakanku ke nan, bai taɓa riƙe hauya ba tun da aka haife shi: shi ne direban katafilar da ta baje gonakin, har da ta ubana. Ku tashi ku kwanta, ku rufe mini ƙofa.