Kifin Bakin Teku

Duk wanda ya shekara a bankin nan na zuba jari ya san abin da ake nufi idan babba ya gayyace ka cin kifi a bakin teku. Kana can kana zare ƙaya, a ofis ana kashe katinka na shiga, ana rufe kwamfutarka, ana loda tarkacenka a kwali. Kafin a kawo shayi an miƙa maka ambulan. Abdulghaffar, shugaban sashen haɗe kamfanoni, shi ya ƙirƙiro dabarar, har yana kiranta korar mutunci. Mutum goma sha ɗaya ya kawo cin kifin nan, kuma bai taɓa rage loma ba.

Yau Yahya ne zaune a gabansa, shugaban sashen kadarori, abokinsa tun suna buga ƙwallo ba takalmi a lungunan unguwar Sa'alaba a Jidda.

Da safe Nayef, shugaban bankin, ya kira Abdulghaffar ya ba shi ambulan ɗin. "Riƙe shi a can har ƙarfe uku," in ji shi. Abdulghaffar ya yi roƙo, abin da bai saba ba. Nayef ko kai bai ɗago ba. "Halas, an gama magana, ya Abdulghaffar. Daga sama ne."

Gayyatar ba ta ba shi wuya ba. A bakin lif suka haɗu, kusan tare bakinsu ya furta kifi. Ya ɗauka Yahya ya ji ƙishin-ƙishin ne, yana so ya sauƙaƙa masa, kuma wannan ya fi komai yi masa ciwo.

Abdulghaffar, mutumin da ke ɗaga waya masu kamfanoni su miƙe tsaye, yau ga shi ya kasa haɗiye shinkafa. Su biyun a Jidda aka haife su, amma iƙama, takardar zama ta baƙi, suke riƙe da ita, bankin ne kafilinsu da ya tsaya musu. Ranar da aiki ya tafi, kwanakin zaman mutum sun fara ƙirguwa. Yahya yana da 'ya'ya huɗu da tsohuwa mai ciwon ƙafa, ƙasar da ke rubuce a fasfonsa kuwa sau ɗaya ya taɓa taka ta, wajen jana'iza. Ina zai kai su?

Yahya ma bai ci ba. Duk zafin nan bai cire kwat ba, sai juya cokali yake yana satar kallon agogo. Suka yi hirar yara, suka yi hirar zafin gari. Sau uku Abdulghaffar yana kai hannu aljihu yana dawo da shi wayam. Tausayi ya cika shi, ga kunya, ga sanin cewa ba abin da zai iya.

Biyu da rabi ta wuce. Nan ya ji ba zai iya ba. Shekara ashirin da biyu yana kawo wa bankin nan ciniki, ai maganarsa ba ta rasa sauran nauyi. Zai koma yanzu, kafin a rufe komai, ya tsaya gaban Nayef ya nemi ko wata shida ne, abokinsa ya samu wani kafilin.

Ya ture kujera. "Yalla, Yahya, tashi mu koma. Ina da magana da Nayef."

Yahya ya riƙo hannunsa. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja, ɗaya hannun ya zaro bakin wani ambulan daga aljihun kwat.

"Zauna, ɗan'uwa, don Allah ka yafe mini," ya ce a hankali. "Nayef ya ce in riƙe ka a nan har ƙarfe uku."