Fuskar da Ta Ƙi Fitowa

Hajiya Tasalla, tsohuwar ma'aikaciyar jinya a Funtuwa, ta kai wayarta shagon Sallau mai gyara ranta a ɓace. Tun safe take son nuna wa jikokinta hoton ranar da suka gama makaranta, amma da ta buɗe shi a wayar, fuskoki uku kawai suka fito, sauran duk dishi-dishi.

Sallau ya duba, ya yi murmushi. "Hajiya, lafiyarta ƙalau. Ai tun da aka kafa sabuwar doka, hoto ba ya buɗewa sai ya nemi izinin duk mai rai da ke cikinsa. Amsarsu yake jira."

"To, waɗannan biyun da suka fito nan take tare da ni fa?"

Sallau ya sunkuyar da kai. Ta gane sun rasu, ta yi musu addu'a. Rasuwar ɗaya kawai ta taɓa ji.

Ta zauna a benci tana jira. Can sai fuskar Kande ta bayyana, sai ta Laraba, sai ta Asabe mai wushirya. Duk wadda ta fito, Hajiya ta kira sunanta tana dariya tana share hawaye, har maƙwabtan shago suka taru suna taya ta murna.

Fuska ɗaya ta rage. Wajen la'asar wayar ta yi ƙara. Muryar Dudu ce, aminiyarta da suka daɗe da rabuwa.

"Tasalla, hoton da na rufe ido kike son nuna wa duniya? Ban yarda ba. Ki zo Gusau da kanki mu ɗauki wani."

Hajiya ta miƙe tana gyara mayafi. "Sallau, motar Gusau ta yamma ta tashi kuwa?"