Hannun Daman Farfesa

Na fizgo Farfesan da ke duba digirina daga kujerarsa, na maka shi da bango.

"Shekara uku kana danne min tallafin zuwa bincike ƙasar waje! Bana ma ka cire sunana?"

Ya zura hannu cikin durowa. Na ɗauka wuƙa zai zaro, na banke durowar da ƙafa. Sai ji na yi ƙas! Yatsu sun karye.

Sakatariyarsa ta faɗo ofis tana salati.

"Takardarka ce a ciki, jami'a ta amince! Sa hannunsa kaɗai ya rage, ƙarfe huɗu za a rufe karɓa!"

Farfesa ya ɗago hannunsa na dama, jini na ɗiga.

"To, ɗan nan, da wanne zan riƙe biron?"