Dattijon Masu Fasa Dutse

Da aka dawo daga binne shugaban masu fasa dutse, sai aka nemi wanda ya fi kowa shekaru ya yi wa jama'a godiya, kamar yadda aka gada. Wani daga cikin masu fasa dutsen shi ma ya shiga waige-waige yana neman dattijo.

"Yaya, kai ake jira," in ji ƙanensa. "Kai ne babba yanzu."

"Ni? Ko furfura ban yi ba!"

"Wa ka taɓa gani da furfura a nan, in ba ta ƙura ba?"

Aka yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Shekararsa arba'in da shida. A tsallaken titi, unguwar waɗanda suka yi karatu suka ci albashi, 'yan tamanin na zaune a inuwa suna wasa da jikoki. Nan kuwa, mahaifinsa bai kai hamsin ba, haka ma marigayin.

Ya miƙe zai yi sallama, sai tarin nan na ƙurar dutse, irin wanda ya tafi da marigayin, ya turnuƙe shi. Da ya lafa, ya ɗago kai. Ba mai dubansa. Idanun jama'a duk sun koma kan ƙanensa, mai bi masa a shekaru.