Jirgin da Kawu Ya Ba Ni

Ina 'yar shekara tara Kawu Sabi'u ya dawo Ruwan Bago da kwamfuta. A ciki akwai wasan fataken zamanin da, masu safarar gishiri a teku. Ya ba ni jirgi ɗaya, na yi sati uku ina lallaɓa shi daga gari zuwa gari.

Wata la'asar abokansa suka cika zaure. Ya ture hannuna, ya tura jirgina tsakiyar 'yan fashi, suka cinna masa wuta.

"Ku dube ta," ya ce musu, "yanzu za ta fara kuka."

Na kuwa yi, suna ta dariya.

Yanzu Kawu ya tsufa. Ina durƙusawa in gaishe shi, amma ban sake nuna masa abin da nake ƙauna ba.