Gidan Rina a Lambun Kakana

Ina da shekara tara rina ta harbe ni a wuya, a lambun tumatir na kakana da ke bayan Kusada. Bayan la'asar ne, yana ban ruwa. Ina kuka na tattaro busasshiyar ciyawa, na zaro ashana a aljihun rigarsa da ya rataye, na nufi gidan rinar da ke maƙale a shinge.

"Amarya, mi za ki yi?" Haka yake tsokanata kullum.

"Ƙone su zan yi, Kaka!"

Bai yi faɗa ba. Ya karɓi ashanar, ya shafa mini laka mai sanyi a wuya. Yatsunsa ƙamshin ganyen tumatir suke yi. Sai ya durƙusar da ni gaban wani kwamin tumatir, ya ce in yi shiru. Can sai ga rina ta sauka, ta cafke wata koriyar tsutsa a ƙarƙashin ganye, ta tashi da ita da ƙyar.

"Kin gani? Ba don su ba, da tsutsa ta gama da mu."

Na tsinko wani jan tumatir da rina suka huda, na miƙa masa. "To wannan fa?"

Ya yi dariya. "Duk yinin nan suna aiki, ba za su ɗanɗana ba?"

Ya yanke wurin hudar, ya ba ni sauran. Na ci ina shessheƙa, ruwan yana bin haɓata.

Yau shekarunsa da yawa a ƙasa. Na sha yin fushi tun daga ranar, amma ban ƙara samun wanda ya sauke ni a hankali haka ba.