Hoton Zakiyyu

Maliki ya zauna a zauren gidanmu yana juya makullin babur.

"Hadijatu, in turo magabatana?"

Na miƙa masa wayata. Hoton ɗana Zakiyyu ne a gadon asibiti, kwana biyu kafin rasuwarsa, a shafin Maliki na Facebook.

"Addu'a na nema masa," ya ce a hankali.

"Kai kaɗai na tura wa. Ko 'yan uwana ban nuna wa ba."

"Zan goge yanzu."

"Naka za ka goge. Ya kai har Mai'adua. Jiya wata ta tare ni, wai ashe haka ya rame."

Ya sunkuyar da kai. Har yanzu ina son sa.

"Kada ka turo kowa, Malam."